Injin da Kasuwa: Ƙofar da Ake Rufewa Tun Aji Huɗu

Mai karatu, duk wanda ya tashi a Sabon Ibadan kamar ni, ko a Zangon Agege inda nake zaune yanzu, ya san cewa mu nan kudu kasuwa ce ta kawo mu. Goro da shanu kakanninmu suka biyo, tun kafin a keɓe musu unguwar Sabo a 1916, kuma har gobe in ka tambayi yaro sana'ar babansa, amsar ba ta wuce kayan gwari a Mile 12, ko kara, ko canji, ko harkar tireloli. Shi ya sa duk shekara, da an fara sayar da fom ɗin JAMB, magana ɗaya ce iyaye suke tare ni da ita bayan sallar Isha'i: "Injiniya, an ce akwai karatun da ake haɗa injin da kasuwanci wuri ɗaya. To shi nake so yaron nan ya yi."

Akwai shi kuwa. Shi na karanta, kuma da shi nake cin abinci a wata masana'anta da ke Ikeja. A Nijeriya an fi saninsa da injiniyancin masana'antu da sarrafa kaya. Jami'ar Ibadan tana da sashensa, haka ma ta Benin da ta fasaha da ke Akure. Mai wannan digiri shi ne yake tsayawa tsakanin mai gyaran injin da mai riƙe da kuɗi. Shi zai ce kaya nawa za a sarrafa a wannan makon, ma'aikata nawa ake buƙata a kowane layi, yaushe ya kamata a tsayar da injin a duba shi, kuma shin sayen sabo ya fi riba ko ci gaba da lallaɓa tsohon. Ga ɗan kasuwa, wannan bayani yana da daɗin ji. Nan take Alhaji zai fara hango ɗansa a kan kujerar manaja.

Sai in tambaye shi wane aji yaron ya shiga lokacin da aka raba su a aji huɗu na sakandare. Sau da yawa amsar ita ce ajin kasuwanci. Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne: gidan 'yan kasuwa ne, yaro ya iya lissafin kuɗi tun yana firamare, kowa ya ga can ya dace da shi. To a nan ne maganar take tsayawa, domin a idon doka wannan karatu na injiniya ne zalla, kasuwancin a ciki aka saka shi. Kafin a ɗauki yaro sai ya kawo kiredit 5 a WAEC ko NECO, kuma dole a cikinsu a samu Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. A jarrabawar JAMB ma waɗannan huɗun zai rubuta. Ɗan ajin kasuwanci kuwa bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Ko da ya ci A a akanta da kasuwanci da tattalin arziki, babu ɗaya daga ciki da zai maye gurbin fiziks. Wato tun yana ɗan shekara 14 ko 15 aka yanke hukuncin, a ranar da ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci, wani lokacin ma uban yana hanyar Shagamu bai san an yi rabon azuzuwan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar ta gefe ɗaya take buɗewa. Wanda ya gama injiniyanci zai iya wayar gari ya rubuta jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN, ko ya yi digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, kuma na san da yawa da suka yi hakan. Amma akanta ba shi da wata gajeriyar hanya da zai bi ya zama injiniya. Sai dai ya koma baya ya nemo fiziks da kemistiri, ya sake JAMB, ya fara daga aji ɗaya. Ko ta kwalejin kimiyya da fasaha ya so ya zagayo, can ma waɗannan darussan za su tambaye shi.

To a ce yaro ya tsallake wannan, ya samu gurbi. Karatun shekara 5 ne, kuma a shekaru biyun farko da ƙyar zai ji ƙanshin kasuwanci. Shekarar farko lissafi ne da fiziks da kemistiri tare da sauran 'yan kimiyya. Ta biyu kuma tare da duk sauran injiniyoyi ake gwama su: zanen injiniya, ƙarfin ƙarafa, yadda ruwa da iska suke gudu a bututu, ilimin zafi, ga aikin hannu a wurin walda da fiƙe ƙarfe. Sai daga shekara ta uku ne darussan da Alhaji yake mafarki suke fara leƙowa, irin su lissafin tsadar kaya, tsara aikin masana'anta, tabbatar da ingancin kaya, da auna ribar jari. A zamaninmu akwai waɗanda suka shigo don son wannan ɓangaren, amma lissafin shekara ta biyu ya kore su tun kafin su iso wurin.

Kuma ko da aka iso, ba irin kasuwancin da muka sani ba ne. Bari in ba da misali. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya san huhun goro nawa zai sara a tafiya ɗaya. In ya saro da yawa, kuɗinsa ya kwanta, ga tsoron sankara ta shiga goron. In ya saro kaɗan, kuɗin mota da na 'yan dako sun cinye ribar, don sai ya yi ta zarya. A kansa yake auna wannan, bai taɓa rubutawa ba. Ranar da aka koya mana wannan matsalar a aji, sai ga ta da haruffa da alamomi, wai wani Ba'amurke mai suna Ford Harris ne ya fitar da ƙa'idarta a 1913. Na gane ta nan take, kamar na haɗu da ɗan unguwarmu sanye da kwat. Sai dai a ɗakin jarrabawa ba a ba da maki don ka san amsar a zuci. Ana so ka nuna yadda aka samo ƙa'idar mataki-mataki, kuma wannan sai da lissafin da aka koya a shekarar farko.

Yanzu sai batun maki, wanda shi ne yawancin iyayenmu ba su fahimta ba, yaran kuma ba sa son su fahimta. Kowane darasi yana da nauyinsa, ana ce masa yunit. A tsarin da yawancin jami'o'inmu suke bi, maki 70 zuwa sama shi ne A, yana da daraja 5. B yana da 4, C yana da 3, haka har zuwa F da ba shi da komai. Ana ninka darajar da nauyin darasin, a tara, a raba da jimillar yunit. Sakamakon shi ne CGPA, kuma yana bin ɗalibi tun daga zangon farko har ranar da zai fita. Alal misali, yaro ya ci A a darasin koyon sana'a mai yunit 2, ya faɗi lissafi mai yunit 3. Zai zo gida ya ce, "Baba, na ci A." Gaskiya ya faɗa. Amma in an haɗa biyun, 10 ne a raba da 5, wato 2.0, wanda bai ko kai matakin digiri mai daraja ta biyu ba. Daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, babbar daraja ta biyu daga 3.50, ƙaramarta daga 2.40. Kamfanoni da dama a nan Legas, in suna ɗaukar sababbin ma'aikata, daga 3.50 suke ja layi.

Faɗuwa darasi ɗaya kuma ba ta tsayawa a wuri ɗaya. Dole ka sake shi a shekara mai zuwa, abin da ɗalibai suke kira kari-oba. In darasin sharaɗi ne ga wani na gaba, to na gaban ma ya tsaya. Sannan akwai iyakar yunit da aka yarda ka yi rajista a zango guda, galibi 24, don haka tsohon bashi yana ture sabon darasi, shi kuma ya tura wani. A injiniyanci abin ya fi tsanani saboda zango na biyu na shekara ta huɗu ba a aji ake yin sa ba. Wata 6 ne a masana'anta ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973, da littafin da za ka riƙa cikewa kullum, shugabanka na wurin aiki ya sa hannu, ka dawo ka kare abin da ka rubuta a gaban malamai. Duk wani kari-oba na zango na biyu da ya rage maka, sai ya jira shekarar ƙarshe, inda aikin bincike na kammalawa yake jiranka. Ta haka shekara 5 take zama 6. Ka ƙara da yajin aikin malaman jami'a, kamar na 2020 da ya ci kusan wata 9 da na 2022 da ya ci wata 8. Yaranmu kuwa da yawa ba sa shiga boko da wuri, sai sun yi nisa a allo. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama, ba zai je bautar ƙasa ba, takardar yafewa za a ba shi.

Duk wannan a rubuce yake cikin ɗan littafin ƙa'idoji da ake raba wa ɗalibai a makon farko, har da sharaɗin halartar lacca, wanda a wurare da yawa kashi 75 cikin 100 ne kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Wannan sharaɗin ya fi cizon yaranmu, don su ne ake kira ranar Talata a ce mota ta iso daga arewa, a zo a tsaya a kan kaya.

Na taɓa zaton mu ne muka fi kowa tsanani, sai da aka turo mana wani injiniya daga Jamus ya kafa mana sabon injin cika kwalabe. Da muka zauna cin abinci, sai na gano irin karatuna ya yi, sai dai su a can tun ƙarshen shekarun 1920 aka fara shi a Balin, kuma sunansa ma ya haɗa kalmar tattalin arziki da ta injiniya. Bambancin da ya burge ni shi ne tun zangon farko suke ɗaukar ɓangarorin biyu tare, akanta da safe, lissafin injiniya da rana. Digirin farko a jami'o'insu yawanci zango 6 ne, da maki 180 na tsarin Turai. Amma dokar jarrabawarsu ba ta da wasa. A jami'o'i da yawa sau 3 kawai za ka gwada darasi na dole. In ka faɗi na ƙarshe, an sallame ka daga wannan karatun, kuma sau da yawa wata jami'ar ƙasar ma ba za ta karɓe ka a kansa ba. Da na kwatanta masa kari-oba ɗinmu, dariya ya yi ya ce mu masu tausayi ne. Ni kuwa abin da na riƙe shi ne, su sun ɗauki kasuwancin a matsayin rabin digirin da gaske, har yana iya korar mutum kamar yadda lissafi yake kora.

A ra'ayina, tsaurin da ake yi a kan fiziks da lissafi daidai ne. Mutumin da zai sa hannu a kan tukunyar tururi da mutum 40 suke aiki kusa da ita, bai kamata a sassauta masa ba. Don haka ne ma hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, take tantance kowane sashen injiniyanci baya ga tantancewar hukumar jami'o'i ta NUC, kuma ba ta yi wa mutum rajista sai ya yi shekaru yana aiki bayan digiri. A 2023 ta zama mamba ta wucin gadi a yarjejeniyar Washinton, wadda ƙasashe suke amincewa da digirin injiniyancin juna a ƙarƙashinta. Duk uban da zai biya kuɗin makaranta, musamman mai zaman kanta, ya kamata ya tambaya ko sashen yana da tantancewar hukumomin nan biyu kafin ya cire ko sisi. Inda nake da ja shi ne yadda ake jinkirta ɓangaren kasuwancin har sai an tace ɗalibai, alhali a masana'anta rabin rigimar da nake kashewa kullum ta kuɗi ce da ta mutane. NUC ta fito da sabon tsarin manhaja a ƙarshen 2022 wanda ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Fili dai ga shi nan ga mai son gyara.

A bana wani maƙwabcina mai sayar da albasa ya kawo mini 'yarsa, tana aji biyar a ajin kasuwanci, ita ce ta ɗaya a lissafi. Ta ce, "Kawu, ni masana'anta nake so in riƙe, ba kanti ba." Na zayyana musu hanyoyi biyu. Ko ta koma aji huɗu ta shiga ajin kimiyya, ta yi asarar shekara guda, ƙawayenta su wuce ta. Ko ta ƙarasa inda take, ta karanta akanta ko gudanar da kasuwanci a shekara 4, ta shiga masana'antar ta ofishin kuɗi, amma ba za ta taɓa sa hannu a matsayin injiniya ba. Alhaji ya ƙirga shekarun a yatsunsa, ya kai 6 kafin bautar ƙasa, ya yi shiru, don akwai maganar aure da dangi suka fara yi daga gida. Ya ce in ba shi zuwa bayan hutun zango ya yi shawara da mahaifiyarta. Ƙaninta kuma yana aji uku, bana zai rubuta jarrabawar ƙaramar sakandare, don haka na ce ranar rabon azuzuwa a kira ni mu je makarantar tare.