Jirginmu Na Hannu

Mu mutanen Yawuri, jirgin ruwa a wurinmu tamkar mota ne a wurin Kanawa. Da shi ake cin kasuwa, da shi ake kai amarya. Da iyalin gidanmu suka fi ƙarfin ƙaramin kwalekwalen Baba, sai aka yi shawarar sayen babba mai inji, na hannu, domin sabo ya gagari aljihunmu.

Yara sun so wanda ya sha fenti. Baba kuwa cewa ya yi a jawo shi tudu a kife. Ya bi katakon gindin yana ƙwanƙwasawa, domin ruɓaɓɓen katako ba ya amo. Injin ma sai da aka tayar da shi da sanyin safiya a gabansa. Hujjarsa ita ce, tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe itatuwa, kututturansu suna nan suna jiran jirgi mai rauni.

To jama'a, wahalar tana bayan ciniki. Babban jirgi yana jawo 'yan rakiya, kunya kuma ba ta barin a ce wa ɗan'uwa ya sauka. A watan Mayun 2021 jirgin da aka cika maƙil ya tsage kusa da Wara, rayuka da yawa suka salwanta. Don haka Baba ya kafa doka: mutum 12, kowa da rigar hana nutsewa, babu tafiyar dare. Har surukinsa an taɓa bari a gaɓa. Ya yi fushi, amma ya huce kafin Sallah.