Kunyar komawa asibiti

Tun ina koyarwa har na ajiye alli, babu irin rakiyar da ban yi ba a unguwarmu ta Kambarawa: rakiyar neman aure, rakiyar gawa, rakiyar uba zuwa caji ofis don a yi belin ɗansa. Wadda ta fi kowace nauyin ƙafa ita ce rakiyar yaron da ya fara ganin likitan ƙwaƙwalwa, ya yanke ƙafa, ciwo ya dawo, aka ce a sake kai shi. Zuwan farko ba ya wuya kamar yadda ake zato. Ranar nan gida ya rikice, yaro ya kwana uku bai runtsa ba ko ya ɗauko taɓarya zai yi ɓarna, dangi sun taru, wannan ya ba da mota, wancan ya ba da kuɗi. Zuwa na biyu ne ba mai son yi. Uban ya yi fushi, uwar ta gaji da kuka, yayye sun ce kuɗinsu ya tafi a banza, shi kuwa yaron ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige da ya sake haɗa ido da likitan da ya yi wa alkawari.

Mutane na ɗauka taurin kai ne ke sa a daina zuwa. Abin da na gani shi ne, akasari sauƙi ne ke korar su. An sha magani wata biyu ko uku, barci ya dawo, surutu ya tsaya, yaro ya koma shago. Sai wata gwaggo ta zo duba shi ta ce, "Ai ya warke, me kuma ake ta ɗirka masa ƙwayoyi? Kada su zame masa jiki." Ranar da aka rubuta a kati ta zo ta wuce, ba wanda ya tuna. Maganin bai gama fita daga jiki a rana ɗaya ba, don haka makonni sukan shuɗe lafiya lau, kowa ya ce ga shi nan, da ma mun faɗa. Sai bayan an saki jiki abin ya dawo.

Wasu kuma maganin ne ke wahal da su, kuma ba sa samun mai saurare. Na san wani matashi, tela ne mai kyan hannu, da aka ɗora a kan irin tsofaffin magungunan nan masu araha. Wuyansa ya sandare, yawu na zuba a gefen baki, yatsu na rawa har ba ya iya zura zare a allura. In ya zo wucewa ta majalisa, hannuwa a manne da jiki, ba ya lilo da su, sai ka ji an yi ƙasa da murya ana cewa, "Ga na asibiti nan." Wane saurayi ne zai jure wannan? Ya zubar da maganin a masai, bai gaya wa kowa ba. Da ya san likita na iya rage yawan maganin, ko ya sauya shi, ko ya haɗa masa da wanda ke sassauta jijiyoyi, da bai yi ba. Ba a gaya masa ba, shi ma bai tambaya ba, don an raine mu a kan ba a ja da likita.

Na 'ya'ya mata ya fi ban tausayi. Da zarar manemi ya fito, uwa ta ɗauke katin ta tura ƙarƙashin adaka, kada dangin miji su ji. A kai yarinya ɗakinta ba magani, ba wanda ya san tana sha, sai bayan haihuwar fari ciwo ya tashi, a ce kishiya ce ko aljanu. Azumi ma yakan yanke wa mutane magani, alhali da an tambaya, sau da yawa likita na iya daidaita lokutan sha zuwa sahur da buɗa baki. Ga kuma kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin Keke Napep da na magani suka yi tashin gwauron zabo, magidanci kuwa in ya auna kwanon masara da katin magani, an san wanda zai ɗauka.

Na masu shaye-shaye daban ne, don su ban da ciwo ana ɗora musu laifi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya ya yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka taɓa wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Mu da ke unguwa ba mu jira ƙididdiga ba, kwalaben sirop da ke cikin kwata sun riga sun gaya mana. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana sirop mai kodin, bayan wani rahoton BBC da ya nuna yadda ake fataucinsa. An hana kwalba, amma ba a cire ƙishirwar daga jikin yaran ba. Wasu suka koma tiramol, wasu ƙwayoyin barci, marasa hali kuwa sholisho.

Yaron da ya shiga hannun masu ba da shawara, ya yi wata huɗu fes, sannan abokai suka ja shi biki ya sake sha, a idonmu ya gama lalacewa. Mukan ce, "Mai hali ba ya fasa halinsa." Likitocin da suka ƙware a wannan fanni ba haka suke gani ba. Alƙaluman da cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ke bayarwa sun nuna kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan sake faɗawa, kuma wannan bai fi na masu hawan jini ko asma da ke sakaci da maganinsu ba. To, duba mu tsofaffi. Mu nawa ne a sahun gaba na masallaci da likita ya hana gishiri da jan nama, muka ci kilishi ranar sallah, jini ya hau, aka kwashe mu zuwa asibiti? Ba wanda ya ce mana 'yan iska. Sannu aka yi mana, har da kawo lemo.

Akwai abu guda da nake so kowane uba ya sani, don rai ake rasawa a kansa. Wanda ya daina shan tiramol ko kodin na wasu watanni, jikinsa ya manta da yawan da ya saba ɗauka. In ya koma ya sha daidai abin da yake sha a da, numfashinsa na iya tsayawa yana barci. Saboda haka makon da yaro ya sake faɗawa shi ne mafi hatsari, kuma shi ne makon da muke korarsa daga gida ya je ya kwana a kango. Haka nan ragowar maganin asibiti da ya daɗe a kwaba, kada a ce ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wasu magungunan sai an faro daga kaɗan ana ƙarawa, likita ne zai faɗa.

Idan gida ya gaji, tunanin da ke zuwa shi ne gidan mari. Mun ga abin da aka tarar a 2019: a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba, sannan a Oktoba a Daura inda 'yan sanda suka fito da mutum 67, kwanaki kaɗan bayan haka kuma a nan cikin birnin Katsina. Maza da yara da sarƙa a ƙafa, baya duk tabon bulala. Iyayen da suka kai su ba mugaye ba ne, na san wasunsu. Mutane ne da suka rasa yadda za su yi, suna son wurin da za a ajiye yaro a rufe ƙofa, su samu barci. Ni ban hana addu'a ba, ban hana rubutu ba, ni ma nakan tofa wa jikokina. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai ruƙiyyar da zai ce sai an ajiye maganin asibiti kafin nasa ya ci. Malaman ƙwarai da na zauna da su cewa suke a haɗa biyun.

Jinyar da mutum ke zuwa daga gida ya ga likita ya koma gida ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda marasa lafiya ke sauka a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, su zo a duba su da rana su koma. Sharaɗinsa shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan'uwa da zai zauna da shi. Duniya ta yaba wa wannan tsari, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya gano tun wancan lokaci shi ne irin wannan jinya ba ta tafiya sai da ɗan rakiya. Yau ma haka take, har ta fi, don likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta zamanin Turawa ta 1958, amma doka ba za ta zo ƙofar gida ta ce yau ce ranar asibitinka ba.

Ga yadda nake yi in an kira ni. Ba na tarar yaro a gaban abokansa, ba na kuma kiran taron dangi. Bayan sallar asuba nake jan hannunsa mu koma gefe. Ba na ambaton kuɗin da aka kashe, ya fi ni sanin lissafin. Nakan ce, "Ɗana, gobe zan je a auna mini jini, zo ka raka ni, in mun gama mu leƙa wajen naka." Ya san dabara ce, na san ya sani, amma ta ba shi mayafin da zai rufe fuska. Wani ya ce, "Baba, katin ya ɓata." Ba komai, fayil na nan, da suna da unguwa ake nemo shi, in bai samu ba a buɗe sabo.

A layi ne zuciya ke karaya. Benci ya cika tun da hantsi, rana ta take, yaro na ta kallon ƙofar fita. Akwai wata ma'aikaciya da ta taɓa ɗaga murya a gaban jama'a ta ce wa wanda na rako, "Sai yanzu ka ga dama? Ai ku ba kwa jin magana." Na ji hannunsa ya yi sanyi cikin nawa. Irin wannan kalma guda na iya mayar da yaro gida shekara. Na ce mata, "'Yata, ai ga shi ya zo, a duba mana shi don Allah." Ta yi shiru ta karɓi takardar. Likitan da muka shiga wurinsa kuwa ko gira bai ɗaga ba. Tambaya ya yi: yaushe ka daina, me maganin ke yi maka, me kake sha yanzu, guda nawa a rana? A nan nake tashi in fita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma babu yaron da zai lissafa ƙwayoyin da yake haɗiya a gaban sa'an ubansa. Telan nan da na ambata, da ya faɗi gaskiya, sauya masa magani aka yi, daga baya aka mayar da shi kan allurar da ake yi wata-wata, ya huta da mantuwa. Yana ɗinki har yanzu.

Ba duka ke ƙarewa haka ba. Akwai wanda aka mayar, ya sake yankewa, aka sake mayarwa, har yau ana kan hanya. Akwai wanda muka binne. Akwai kuma waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin zuwa a dawo, sai an kwantar da su, wani lokaci har a dangana da asibitin Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware ta Sakkwato. A bencin nan na sha zama kusa da mutanen Batsari da Jibiya da Safana, waɗanda suka tsallake ranarsu ba don sun so ba, sai don hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Sukan zo da katin a naɗe cikin leda, su roƙi a rubuta musu maganin wata uku, don ba su san yaushe za su sake samun fitowa ba.