Tsufa da Kaifin Basira

Tun da na haura shekara arba'in na fara lura da wani sauyi a tare da ni. Sunan ɗalibin da na sani sarai yakan maƙale mini, sai an tashi daga aji ya faɗo. Amma baitin da a da nake kwana ina kokawa da shi, yanzu karatu ɗaya ya ishe ni in gane inda mawaƙi ya dosa.

Masana halayyar ɗan Adam, Raymond Cattell da almajirinsa John Horn, sun kasa basira gida biyu. Ta farko ita ce saurin warware sabuwar matsala, wadda takan fara ja da baya tun mutum yana cikin ƙarfinsa. Ta biyu kuwa tarin sani ce, wato kalmomi da gogewa da iya auna magana, kuma takan ci gaba da ƙaruwa har wajen shekara 60. Binciken da Warner Schaie ya fara a Amurka a 1956, inda aka riƙa sake gwada mutane duk bayan shekara 7, ya nuna cewa sauri ne yake riga gushewa, sanin harshe kuwa yakan daɗe. Haƙiƙa ƙwaƙwalwa tana ɗan motsewa da tsufa, musamman sashenta na goshi, amma rumbun bai ƙone ba. Wole Soyinka, wanda aka haifa a 1934, ya haura shekara 85 sa'ad da ya fitar da sabon littafin ƙagaggen labari.

Sai dai mantuwar tsufa daban, cuta daban. Wanda ya manta inda ya ajiye makulli lafiyarsa lau. Wanda ya kasa gane 'ya'yansa ko hanyar gidansa yana bukatar likita, domin mai yiwuwa cutar nan ce da Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Abin takaici, a ƙasar nan tsohuwar da ta ruɗe haka sau da yawa sai a kira ta mayya.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, idan kun je neman tatsuniya ko tarihin gari wurin dattijo, ya yi shiru yana laluben suna, kada ku gaggauta shi, kada kuma ku rufe littafi. Lalube yake yi cikin kaya masu yawa, in kun yi haƙuri zai fito da shi.