Dunƙulen shinkafa a kasuwar Tokiyo

 

Kowace ƙasa da irin guzurinta. Mu nan, mai zuwa gona mai nisa yakan ɗauki fura ko gumba. Makiyayi ma ba ya rabuwa da dunƙulen fura cikin jakarsa. Mutanen Japan su ma suna da nasu dunƙule. Na shinkafa ne, sunansa onigiri. Labarinsa nake so in ba ku, don na ci shi da bakina, kuma na ji abin da ke bayansa.

Ni malamin gona ne. A shekarar 2025 aka tura mu Japan, mu ƴan kaɗan daga ƙasashen Afirka, don mu ƙaro sani a kan noman shinkafa. An sauke mu a wani gari da ake kira Tsukuba, tafiyar kamar awa ɗaya daga Tokiyo, babban birnin ƙasar, cikin jirgin ƙasa.

Japan tana can gabas mai nisa, tsakiyar teku. In azahar ta yi a Maraɗi, su can dare ya riga ya yi, don awa 8 ke tsakaninmu. Girman ƙasarsu bai kai kashi ɗaya cikin uku na Nijar ba. Amma mutanenta sun wuce miliyan 120. Duwatsu da kurmi sun cinye yawancin ƙasar, wurin noma kaɗan ne. Shinkafa ita ce hatsinsu. Kalmar da suke kiran dafaffiyar shinkafa da ita, wato gohan, da ita suke kiran abinci gaba ɗaya. A zamanin da, har arzikin sarakunansu da awon shinkafa ake faɗinsa. Suna da wani ma'auni da ake kira koku, kamar kilo 150, abin da aka ƙiyasta zai ci da mutum ɗaya shekara guda. Sai a ce sarki wane mai koku dubu kaza ne.

Wata ranar Asabar ba mu da karatu. Tafintanmu ya ce mu tashi da asuba, zai kai mu kasuwar Tsukiji da ke cikin Tokiyo. Tsohuwar kasuwa ce. Tun 1935 ake cinikin kifi a wurin. A 2018 aka ɗauke wajen manyan dillalan kifi aka kai shi wata unguwa da ake kira Toyosu. Amma kasuwar waje tana nan inda take, da rumfuna ɗaruruwa cikin ƴan lunguna matsattsu. Ga masu kifi, ga masu wuƙaƙe, ga masu ganyen shayi, ga masu soyayyen ƙwai. Cunkoso kamar ranar kasuwar Maraɗi. Abin da ya ba ni mamaki, ko ɓawo ɗaya ban gani a ƙasa ba.

Muka iske wata ƴar rumfa da mutane suka yi layi a gabanta. Layin ya kai mutum 30. Babu mai tura wani, babu mai shiga gaban wani. A cikin layin akwai leburorin kasuwa da takalman roba, akwai masu kwat, akwai baƙi irinmu. Muka bi baya.

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Duk Musulmin da ya je ƙasar nan ya san damuwar. Suna sa naman alade cikin abinci da yawa, kuma suna zuba wata irin giyar shinkafa cikin miya don ɗanɗano. Tun zuwana, kafin in kai loma baki sai na yi tambaya. Na ce ma tafinta ya tambayar mini abin da ke ciki.

Mai rumfar wata dattijuwa ce, da farin ƙyalle ɗaure a kanta. Ta saurare shi, ta dube ni, ta yi murmushi. Sai ta nuna kashi uku da yatsa. Tafinta ya ce: "Ta ce wannan shinkafa ce da gishiri kawai. Wannan akwai kifi gasasshe da gishiri. Wannan kuma ɗan itace ne mai tsami. Ta ce ka ci waɗannan, ka bar sauran."

Na ce: "Ka ce ma Inna na gode. Ta ba ni na kifin da na tsamin."

Ga yadda ake yinsa, don a gabana aka yi. Shinkafarsu gajera ce, mai ƙiba. In ta dahu tana kama juna, ba ta warwatsewa kamar doguwar da muka saba saye. Ana dafa ta da ruwa zalla, babu mai, babu yaji. Tana da sauran zafi mai yin za ta jiƙa hannunta da ruwa, ta shafa gishiri a tafinta. Ta ɗebo shinkafa cikin hannu, ta yi ɗan rami a tsakiya, ta sa abin haɗi, ta rufe. Sai ta juya shi tsakanin tafukanta sau uku ko huɗu, ya fito da kusurwa uku kamar laya. Daga nan ta naɗe shi da wani baƙin abu mai kama da takarda. Sunansa nori. Ciyawar teku ce da ake nomawa a bakin ruwa, a niƙa, a shanya falle-falle. Ita ce ke hana shinkafa manne ma yatsu.

Gwanintar tana wajen matsi. In an matse da ƙarfi ya zama tuwo. In ba a matse ba ya wargaje a hannu. Wanda ya yi kyau shi ne wanda zai tsaya a hannu, amma da ya shiga baki sai ƙwayoyin su rabu. Duk macen da ta iya dunƙula fura za ta gane wannan magana.

Na biya yen 300 a kan kowane ɗaya. Yen shi ne kuɗinsu. A kuɗinmu ya yi jika ɗaya da ɗan kai. A kasuwar nan ba a son mutum ya riƙa tafiya yana ci. Sai muka tsaya gefen rumfa. Na yi bismilla, tafinta ya haɗa tafukansa ya faɗi tasu kalmar godiya, muka fara.

Cizon farko, ciyawar ta yi ƙaras, da ƙanshin ruwan teku. Sai gishiri kaɗan. Sai zaƙin shinkafar kanta, wanda ban taɓa lura da shi ba, don mu kullum miya ke rufe shi. Kifin mai jan nama ne, gishiri ya kama shi sosai. Na biyun kuwa, da haƙorina ya taɓa abin da ke tsakiya, sai da na runtse ido. Sunansa umeboshi. Ɗan itace ne da ya ɗan fi magarya girma, ana jiƙa shi cikin gishiri, a shanya a rana. Tsaminsa ya fi na tsamiya. Inna ta ga fuskata ta yi dariya har da riƙe ciki. Tafinta ya ce ba don daɗi kaɗai ake sa shi ba. Gishirin da tsamin suna taimaka ma shinkafa kada ta yi saurin lalacewa lokacin zafi. Dunƙule biyu da kofin shayi suka riƙe ni har la'asar.

Abincin nan tsoho ne ƙwarai. A 1987 masu tonon kayan tarihi suka sami wani ƙonannen dunƙulen shinkafa a jihar Ishikawa. An ce ya kai shekara 2,000. Shi manoma ke kaiwa gona. Shi mayaƙan da ke ƙullawa cikin ganye in za su fita. Shi uwa ke sa ma ɗanta cikin jaka in za shi makaranta. Tun wajen 1978 kuma ƙananan kantuna suka fara sayar da wanda aka naɗe cikin leda, har ya zama ko da tsakar dare mutum zai samu.

Yana da wani suna na biyu, omusubi, daga kalmarsu ta ƙullawa. Ranar 17 ga Janairu 1995 girgizar ƙasa ta afka ma birnin Kobe. Mutane fiye da 6,000 suka mutu. Gidaje suka rushe, wuta da ruwa suka yanke, ga sanyi. Mutanen garuruwan kusa suka riƙa dafa shinkafa suna dunƙulawa, ana kai ma waɗanda suka tsira. Ba ya son kwano, ba ya son cokali, ba ya son a ɗumama shi. Don tunawa da wannan taimako aka sa ranar 17 ga Janairu ta zama ranar omusubi. Haka aka sake yi a 2011, lokacin da teku ta yi ambaliya a arewa maso gabashin ƙasar.

To, ga inda maganar ta shafe mu. Kafin mu tafi na ce ma tafinta ya tambayi Inna yaya kasuwa. Murmushinta ya ragu. Ta ce masu saye suna nan, amma shinkafa ta yi tsada. Ta ce ta ƙara kuɗi ba da sonta ba, don ba ta yarda ta rage girman dunƙulen ba. Leburan da ya saba ƙoshi da biyu, in ta rage, da yunwa zai koma aiki.

Na yi mamaki. Ƙasar da ta sha aiko ma Nijar da shinkafar taimako, ita ce ke kukan shinkafa? Da muka koma Tsukuba na bi diddigi wajen malamanmu. Ga abin da na samo.

A 1962 kowane mutum a Japan yana cin shinkafa kamar kilo 118 a shekara. Da arziki ya zo, suka koma ma burodi da taliya da nama. Cin shinkafa ya yi ta raguwa har ya sauka wajen kilo 50. Shinkafa ta yi yawa, ta rasa mai saye. Daga 1971 gwamnati ta shiga biyan manoma don su rage nomanta. An daɗe a kan haka, sai a 2018 aka soke tsarin. Kafin nan gonaki da yawa sun koma saura. Samari sun tafi birni. Mafi yawan waɗanda suka rage a gona sun wuce shekara 65.

Sai a 2023 aka yi zafin da ya wuce kima, ya ɓata ƙwayar shinkafa. A watan Agusta na 2024 hukuma ta yi gargaɗin cewa babbar girgizar ƙasa tana iya zuwa. Mutane suka ruga suna saye suna ɓoyewa. Kantuna suka wayi gari babu shinkafa. Kafin tsakiyar 2025 kuɗinta ya ninka. Ƙaramin buhu mai kilo 5 ya wuce yen 4,000, wato wajen jika 16. A watan Mayu na shekarar, ministan noma Taku Eto ya faɗi a gaban jama'a cewa shi bai taɓa sayen shinkafa ba, magoya bayansa ke ba shi. Mutane suka fusata. Kwana kaɗan bayan haka ya ajiye aiki.

Abin da ya rage musu zafi shi ne rumbu. A 1993 damanarsu ta zo da sanyi, shinkafa ba ta yi ba, sai da suka sayo daga Tailan da Sin da Amurka. Wannan ya koya musu hankali. Daga 1995 gwamnati ta riƙa ajiye kamar tan miliyan ɗaya don ranar wuya. A watan Maris na 2025 aka buɗe rumbun. Tan 210,000 aka fara fitarwa, daga baya aka ƙara.

Ƴan'uwa, mu ba baƙin wannan labari ba ne. Dattawanmu sun ga 1973 da 1984. Mu ma mun ga 2005. Mun san yadda tiyar hatsi ke tashi cikin watan bakwai, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba. Japan tana da jirage da motoci da kuɗi. Duk da haka, da gona ta rasa matasa kuma zafi ya zo, sai da dattijuwar kasuwa ta ji a jikinta.

Abu biyu na riƙo daga can. Na farko, kada murnar kaka ta sa mu sayar da duk abin da muka girbe. Wanda ya sayar da arha cikin kaka, shi zai saya da tsada cikin damana. A bar ma rumbun gida rabonsa, a bar ma bankin cimaka na gari nasa. Na biyu, mu duba wa zai riƙe kalme bayanmu. In samarinmu suka ga noma ba ya fid da su kunya, za su tafi, kuma ba su da laifi. Taki, da iri mai kyau, da farashin kirki su ne za su tsai da su.

Akwai kuma abin da na gani wajen cin abincinsu. Yaro ba ya barin ƙwaya ko ɗaya cikin kwano. Harafin da suke rubuta shinkafa da shi, in an warware shi yana ba da 88. Sai su ce ma yara aiki 88 manomi ya yi kafin ƙwayar ta iso bakinsu. Ku ƙidaya naku, daga sassabe zuwa shuka, noman fari, maimai, girbi, ɗauri, sussuka, casa, daka, har dunƙulen fura ya shiga ƙwarya. Ina jin ba za ku gaza su ba.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba tukuna. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya cika rumbunanmu, ya kiyaye dabbobinmu. Amin.

Daga wani malamin gona