Suna na Kamfani, Ruwa na Jama'a

A unguwar Agbalépédo ta birnin Lome, daura da tashar da motoci ke lodi zuwa Sokode da Kara da Dapaong, akwai wani dattijon malami da ya shafe shekaru yana tattara kalmomin Hausa. Jikokinsa ne suka sa shi wannan aiki. A makaranta Faransanci suke ji, a kasuwa Mina, Hausa kuwa sai a cikin gida, can ma kullum raguwa take yi a bakinsu. Duk kalmar da ya tsinta daga bakin fatake ko direbobin arewa, sai ya rubuta ta tare da ma'anarta da misalin jimla. Da littattafan suka taru, ɗan ƙanwarsa mai gyaran kwamfuta ya sanya masa manhajar OpenOffice a wata tsohuwar na'ura, domin kyauta ce, kuma tana karɓar ɓ da ɗ da ƙ ba gardama.

A farkon 2010 yaron ya zo masa da labari: kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun Microsystems, mai kula da manhajar, kan dala biliyan 7.4. Malamin bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ya san halin ciniki: idan gida ya sauya mai shi, ɗan haya kan fara ɗaure kayansa. Ya ce, "To yanzu, ɗana, kalmomina a hannun wa suke?"

Yaron ya ce, "Kawu, suna nan a hannunka. Abin da aka sayar daban ne."

Bayanin da ya biyo baya shi ne wannan. Kamfanin Sun ya sayi manhajar daga wani kamfanin Jamus a 1999, sannan a 2000 ya buɗe tushenta ga kowa. Lasisin da aka sake ta da shi, wato LGPL, ya bai wa kowa izinin amfani da ita da gyara ta da rarraba ta, kuma izinin da aka riga aka bayar sabon mai gida ba shi da ikon janye shi. Abin da ya gada shi ne sunan, da haƙƙin mallaka, da albashin ma'aikatan da ke rubuta yawancin aikin. Da waɗannan yana iya rage gudun aikin, ko ya sauya sharuɗɗan abin da zai fito nan gaba, amma na baya ya riga ya fita daga hannunsa.

Malamin ya yi shiru, sannan ya ce abin ya yi kama da rijiyar wakafi: ana iya sayar da filin da ke kewaye da ita, a cire allon sunan wanda ya haƙa, amma ba a hana maƙwabta ruwa. Sai dai rijiyar da ba a yashe ta, wata rana ƙasa za ta cike ta.

Masu yasa kuwa sun samu. A watan Satumba na 2010 wasu daga cikin masu aikin suka kafa gidauniyar The Document Foundation, suka ɗauki tushen suka ci gaba da shi da sabon suna, LibreOffice, tunda tsohon sunan ba nasu ba ne. A 2011 Oracle ya miƙa OpenOffice ga gidauniyar Apache, wadda ta sanya masa nata lasisin.

Ranar da yaron ya sauya masa manhajar, malamin ya tsaya a kansa har aka buɗe kundin. Kalmomin suka fito daidai, babu harafin da ya rasa ƙugiyarsa, domin an ajiye su ne a tsarin ODF, wanda ya zama ma'aunin duniya tun 2006, ba mallakin wani kamfani ɗaya ba.

Zanen aro ba ya rufe katara, in ji Hausawa. Tun daga lokacin, kafin ya zuba aikinsa a kowace manhaja, malamin yakan tambayi abu biyu: wane izini aka ba shi a rubuce, kuma in an sayar da gidan gobe, zai iya fita da kayansa? Duk da haka bai yar da tsofaffin littattafan ba. Suna nan cikin akwati, jikokin na karantawa da yamma.