Daga Damagaram zuwa Mirya bisa keke, ta hanyar amalanke

Tsakanin birnin Damagaram da garin Mirya kilomita 18 ne kacal bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta nufi Gure da Diffa. Mai mota yakan cinye su kafin shayi ya huce. Amma akwai wata hanya da shanu da amalanke suka shata cikin gonaki, tana karkacewa daga wannan ƙauye zuwa wancan, ta fi ta kwalta tsawo, ta fi ta wuya nesa ba kusa ba. Ita muka bi wata ranar Lahadi cikin watan Janairu, magidanta 4 da yara 3, ƙaraminsu ɗan shekara 13.

Mun tashi bayan asuba daga unguwar Birni, inda manyan duwatsun nan suke jingine da juna kusa da fadar mai martaba. Garin da ya riƙe matsayin babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926 bai gama farkawa ba, sai masu neman ruwa da jarkokinsu. Da muka fita bayan gari muka saki kwalta, nan take hanya ta nuna mana halinta.

Abokin gaba na farko shi ne rairayi. Inda amalanke suka daɗe suna bi, ƙasa ta zama gari, tayar gaba ta nutse, keke ya tsaya cik ya kayar da mai shi. Dabarar da ke fid da mutum ita ce ya rage iskar taya kaɗan, ya mai da nauyinsa baya bisa sirdi, ya yi ta tuƙi da giya mai sauƙi ba tsayawa, kada kuma ya murɗa kan keke da ƙarfi. Duk da haka akwai wuraren da babu dabara sai sauka da turawa.

Na biyu iskar hunturu ce. Tana busowa daga arewa maso gabas, mu kuwa gabas muka dosa, saboda haka ta tare mu ta gefen hagu tun daga farko har ƙarshe. Haɗarinta shi ne tana shanye gumi kafin ya fito, mutum ba ya jin zafi, bai san jikinsa na ƙonewa ba sai leɓe ya tsage, kai ya fara sara.

Na uku ƙaya. Tsidau na kwance cikin ƙasa da ƙahonninsa, ƙayar aduwa ta kai tsawon ɗan yatsa, ƙarangiya kuwa ba ta huda taya, amma ta kama ƙafar wando ba ta saki. Kafin mu yi rabin hanya mun yi faci sau 5, robar faci saura guda 2, ruwan da muka ɗauko ya kusa ƙarewa, ƙaramin yaron nan kuma ya zauna ƙasa ya ce ƙafarsa ba ta ƙara juya feda. Komawa baya da ci gaba duk tsawonsu ɗaya. Mahaifinsa bai tsawata masa ba, ya dai ce: “Tashi, ɗana, mu kai gindin gawon can, sa'an nan mu yi shawara.”

A gindin wannan gawo ne muka lura da abin da wahala ta hana mu gani. Ko'ina muka duba gonakin hatsi ne da aka girbe, amma ba fili ne fayau ba: gawo ne jere da gawo, manya da matasa, kore shar a tsakiyar rani. Shi gawo halinsa saɓanin na sauran itatuwa ne. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya rufe wa hatsi rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani yake tofo, ya ba dabba inuwa da ƴaƴan ci. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na dā sun sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi. Bayan farin 1973 da na 1984 ƙasar ta yi tsirara ƙwarai, sai manoma suka koma ga barin tsiron da ke fitowa da kansa cikin gona, suna sassabe masa, suna kāre shi daga gatari. Masu bincike sun kiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram, yankin Mirya da Magarya da Matamai kuwa yana cikin wuraren da aka fi ambato. Inuwar da ta ceci yaronmu, ashe, haƙurin wani manomi ce na shekaru masu yawa.

Wani dattijo da ya biyo da amalanke ɗauke da buhunan hatsi ya tsaya ya gaishe mu. “Sannunku, alhazai, me kuka ɓatar a nan?” Da ya ji cewa don motsa jini muka fito, sai ya yi dariya har ya riƙe ciki, domin hanyar da muke kira wasa ita yake bi kowane mako don neman abinci. Ya nuna mana rijiyar ƙauyensu, ya ɗora keken yaron bisa buhuna. Bayan ɗan lokaci yaron ya ce a sauke masa abinsa, zai ƙarasa da ƙafarsa.

Kusa da Mirya ƙasa ta sake kama. Manyan kukoki suka bayyana, sa'an nan lambuna. Garin tsoho ne, yana cikin ƙasashen Sosebaki tare da Dungas da Waca kafin ya shiga ƙarƙashin Damagaram. Mun shige shi bayan awa 4 da tashi, kasuwar Lahadi ta cika, tuluna da randunan da garin ya yi suna da su an jera su reras. Fura da nonon da muka sha a nan ba mu taɓa shan mai daɗinsu ba. Komowa ta kwalta muka yi, iska na tura mu daga baya.

Ga iyayen da ke da niyyar gwadawa da ƴaƴansu: a zaɓi lokacin sanyi, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, a guji Afrilu da Mayu. A tashi da sassafe, kowa da ruwansa isasshe, da famfo da kayan faci fiye da yadda ake zato. A sanar da gida hanyar da za a bi, kada a keta gonar mutane, kada a karya reshe. A bar mafi rauni ya shige gaba, tafiyarsa ita ce tafiyar ayari. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya.