Iya ruwa fidda kai: yadda na zaɓi doguwar gasata ta farko

Ni ɗan Damagaram ne, kuma duk wanda ya tashi can ya san ba mu da gulbi. Ruwanmu shi ne tabkin damina, wanda in aka kama yaro ciki sai ya sha bulala. Sai da na kai shekara 34, ina koyar da lissafi a birnin Marsey na Faransa, sannan na koyi iyo, a jere da yaran da na haife su.

Bana na ƙudurta shiga doguwar gasar triyatlon: iyo kilomita 3,8, keke kilomita 180, sannan gudu kilomita 42,2, duk a yini guda. A Hawai aka fara ta a 1978, mutum 15 suka shiga, 12 suka kai ƙarshe. Da na faɗa wa Inna ta waya, cewa ta yi: "To, wa ke korarka?"

Kuɗin rajista kaɗai ya haura jika 400 na sefa, don haka ba abin da za a zaɓa da ka ba ne. Gasa uku na sa gaba.

Ta farko Ironman ta birnin Nis, ƙarshen watan Yuni. Kusa take da gida, suna gare ta, kuma can abokan atisayena za su. Sai dai cikin teku ake iyo, keken kuwa hawan duwatsu ne da jimillarsa ta haura mita 2000, sannan a yi gudu bakin teku cikin rana tsaka. Zafi bai ba ni tsoro, wanda ya sha watan Afrilu a Damagaram ya wuce nan. Teku ne matsalata. Bara, a wata ƙaramar gasa, igiyar ruwa ta mare ni sau biyu, numfashina ya sarƙe, na riƙe kwalekwalen masu ceto har sai da hankalina ya komo. A Ironman kuwa, wanda bai fito ruwa cikin awa 2 da minti 20 ba, an cire shi, ko keken bai taɓa ba.

Ta biyu Embrunman, ranar 15 ga Agusta, cikin tsaunukan Faransa. Da duhun asuba ake faɗawa ruwa, keken kuma sai ya haye mashigin Izoard mai tsayin mita 2360. Gaskiya ba abin da ya ja ni gare ta sai son a ce na yi ta.

Ta uku Ironman ta Kofanhagan a Danmak, ita ma cikin Agusta. Ana iyo a wani lungun teku da tsibiri ya kare daga igiya, hanya ba manyan duwatsu, gari da sanyi-sanyi. Ba wanda zai jinjina mini don na yi ta, in an gwada da waɗancan.

Sati biyu ina juya maganar, zuciyata na Nis. Wata rana da dare maiɗakina ta ce: "Malam, watan Yuni fa lokacin jarrabawa ne. Yaushe za ka gyara takardu, yaushe za ka hau keke awa shida? Kuma ba kai ne ke ba ni labarin iyayen da ke matsa wa ƴaƴansu ba?"

Na yi shiru, don ta kama ni. Lokacin da nake koyarwa a gida, sau nawa uba ya zo yana roƙo a sa ɗansa seri C, alhali yaron lissafi ne ke kada shi, a harsuna kuma ba mai kama ƙafarsa? Nakan ce: "Alhaji, ku dubi inda yake faɗuwa, can za a yanke masa hukunci." Ga shi yau ina yi wa kaina abin da nake hana su. Ina duban suna, na manta da ruwa.

Na zaɓi Kofanhagan. Watan Yuli kusan duka hutu ne, zan samu in yi dogon atisaye ba tare da na tauye hakkin ɗalibaina ba. Amma zaɓin bai zo kyauta ba, domin Agusta ne watan da nake zuwa gida, Inna kuwa ta manyanta. Na kira ta na ce: "Inna, ku yi mini haƙuri, bana sai hutun Disamba." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce: "Allah ya kai mu. Ka dai fito daga ruwan."

Har yanzu wannan shirun nata na damuna fiye da kilomita 180. Na riga na sayi tikitin jirgin Yamai na Disamba kafin in biya rajistar, don kada in samu hanyar ɗagawa. Gobe da ƙarfe shida na safe ina wurin iyo, sai ku sa ni a addu'a.